Littafin aikin safa mai zane, daga Oktoba zuwa Janairu

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Yau na ware wa aikin safa shafinsa daban, kada ya ɓace cikin lissafin riguna da jakunkunan rabon biki. Burina kafin sanyi ya kankama shi ne mutum ya kawo zanensa, ko in zana masa, in ɗora shi a kan safar ƙafa, ya sa, ya wanke, zanen na nan daram. A shagona na unguwar Zariya, a nan Maraɗi ta Nijar, akwai firinta Epson L805 da na daɗe da mayarwa ta tawadar tururi, da injin danna zafi mai faɗin santimita 38 kowane gefe. Da su zan fara. Ba zan sayi sabon inji ba sai aikin ya nuna zai iya ci da kansa.

Safar da ta fi kowace kyau ita ce wadda aka saƙa zanen cikinta tun a masaƙa. Injin saƙar zagayayye ne, allurai 144 ko 168 ko 200 ne jere a bakinsa, kowace allura ɗinki ɗaya take yi, wato duk zanenka ɗigo 200 ne iyakarsa a zagayen ƙafa, launin zare kuma ƴan kaɗan. Akasarin irin wannan aiki a ƙasar Sin ake yin sa. Garin Datang da ke Zhuji a lardin Zhejiang shi kaɗai yana fitar da kusan kashi ɗaya cikin uku na safar duniya. To amma masaƙa ba ta ɗaura zare don dozin biyu, ɗaruruwa take so a kan zane guda. Ga hanya kuma: tunda iyakarmu da Benin ke rufe, kaya sai sun biyo ta Lome da Burkina Faso, ko su ratso Nijeriya. Ni kuwa mai zuwa wurina biki gare shi mako mai zuwa.

Ledar da muke yankawa mu liƙa wa rigunan ƙwallo lamba ba ta shiga lissafi ba. A sama take zama, safa ta miƙe ita ba ta miƙe ba, ta tsattsage.

Saura bugun tururi, wanda da ma shi na iya. Ana buga zanen a takarda ta musamman, a kifa ta kan yadi, a danna da zafin da ya kusa digiri 200. Tawadar ba ta narkewa ta zama ruwa, tururi take zama kai tsaye, ta shige cikin zaren, in ya huce ya rufe da ita. Hannu ba ya jin tudun komai. Sharaɗinsa biyu ne kuma ba ya sassauci: zaren ya zama poliyesta, yadin ya zama fari ko mai haske.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Farar safa ta iso daga Kano, ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa. Tun da aka buɗe iyakarmu da Nijeriya a watan Maris saƙo ya koma zuwa yadda aka saba, direba ya kira ka ka je tasha ka karɓa.

Na ce a haɗo mini iri-iri, kuma an haɗo. Sai dai abin da ke rubuce a jikin leda ba abin dogaro ba ne. Akwai wadda aka rubuta wa auduga zalla, amma santsinta da sheƙinta sun ce ba haka ba. Don haka na koma ga ashana. A zare zare ɗaya daga cikin safar a kusanta shi da wuta. Auduga takan kama nan take, ta yi warin takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Poliyesta kuwa ja da baya take yi, ta narke, ta yi baƙin hayaƙi, ta dunƙule ta zama ɗan ƙwallo mai tauri. Wadda aka gauraya takan nuna hali biyun duka.

Masu auduga da yawa na ajiye su gefe, za a sayar da su fararensu. Tawadar tururi ba ta kama auduga: ranar farko za ka ga launi, wanki ɗaya ya tafi da shi ya bar dishi-dishi. Waɗanda suka rage kashi biyu ne, masu gora-gora a ƙwauri irin na ƴan wasa, da masu sumul. Kowacce akwai zaren roba a cikinta, shi ke sa ta kama ƙafa, shi ne kuma zafi ya fi yi wa illa.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Bugun farko. Ban sa wani zane mai kyau ba, takardar gwaji na shirya: layuka a tsaye da a kwance masu tazarar santimita ɗaya, da'ira a tsakiya, sai sandunan launi daga ja zuwa baƙi. An juya hoton kafin bugawa, tunda kifa shi za a yi. Digiri 195, daƙiƙa 50.

A kan tebur abin ya fito gwanin sha'awa. Takardar da ke dushe-dushe kafin a danna, sai ga launinta ya tashi a jikin safa ɗau. Yaron shagona har ya ɗauki waya zai yi hoto. Na ce ya dakata, na kira ƙanena ya zauna a benci ya zura ƙafa.

Nan labari ya sha bamban. Safa a kwance faɗinta bai wuce tafin hannu ba, a ƙafar babba kuwa sai ta buɗe sosai, musamman a sha-raɓa. Mai gora-goran nan kamar gonar da aka yi wa huɗa take: tawada ta hau kan kunya, kwarin bai samu komai ba. Da ta miƙe sai kwarin ya bayyana, fararen layuka suka keto zanen daga sama har ƙasa. Ja ya koma ruwan hoda, baƙi ya koma toka-toka. Murabba'an nan duk suka baje a kwance, da'irar ta zama ƙwai. Mai sumul ta fi dama-dama, amma ita ma launinta ya ragu.

Amfanin layukan shi ne sun ba ni awo. Na sa tef ɗin tela na auna kowane gida a saman ƙafa, a idon sawu, da a sha-raɓa. Miƙewar ba ɗaya ba ce. A tsaye kusan ba ta canza ba, a kwance ne take buɗewa, kuma tana ƙaruwa in ana hawa sama. Ke nan duk abin da nake so ya fito zagayayye a ƙafa, dole in matse shi a kwamfuta ya zama siriri, gwargwadon inda zai zauna. Daga yau ba na yanke wa zane hukunci a kan tebur. Sai an sa.

Litinin, 28 ga Oktoba

Yau ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, suka koma, bayan gwamnati ta ɗage ranar daga 2 ga wata saboda ambaliyar bana. Mako guda ke nan ba abin da muke yi sai bajon rigunan makaranta, safa ta kwanta. Wani mushe, wato malamin boko, na makarantar kuɗi da ya zo karɓar kayansu ya ga ta gwaji a rataye, ya tambaya ko za a iya sa haruffan makarantarsu, domin yara na yawan musayar safa ranar wasanni. Na rubuta lambarsa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Maganin fararen layuka shi ne a buga safar tana miƙe. Ana zura mata allo a ciki, mai siffar dogon harshe, ya buɗe saƙar kafin takarda ta hau. Na fara da kwali mai kauri. Yana aiki, amma zafi na lanƙwasa shi, yana kuma shan tawada ya mayar wa safa ta gaba. Sai na yanka samfuri na kai wa wani maƙerin farin ƙarfe a kasuwa, ya fitar mini da su a falle na alminiyam, ya goge bakin da sabara har ba ya kama zare. Ya juya allon a hannu ya ce, «Malam, wanga wace irin wuƙa ce marar kaihi?» Da na gaya masa na safa ne, dariya ta hana shi ƙirga canji.

Faɗin allon shi ne wurin lura. In ya yi kaɗan, kwarin bai buɗe ba. In ya yi yawa, zafi ya kama safar a miƙe, ta saki ke nan har abada, ba ta sake kama ƙafa. Na tsaya a kan wanda ya buɗe ta kusan yadda idon sawun babba ke buɗe ta, na kuma sa aka yi ƙanana na yara.

Sai wata matsalar ta leƙo. Injin a shimfiɗe yake, safa kuwa zagayayya ce, don haka gaba daban ake bugawa, baya daban. A gefe inda bugun biyu suka haɗu, ko dai a samu farin layi siriri, ko a samu layi mai duhu inda tawada ta hau sau biyu. Ana rage shi in an ɗan murza safar a kan allo kafin bugu na biyu, bakin na farko ya leƙo kaɗan. Ragewa ne dai, mai ido zai gani. Akwai injinan da ke buga safa tana juyawa a kan sanda, ba gaba ba baya, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin shago irin nawa.

Abin da na lura shi ne duk wahalar nan ta mai cika safa da launi ce. In aka bar gefen biyu fari, zanen ya zauna a tsakiya, babu mahaɗar da za a gani. Da ma firintar ba ta da farar tawada, duk farin da ke cikin zane farin safar ne. Gara in yi zanen da zai yi aiki da farin nan da in yi ta kokawar rufe shi.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Bayan an sallame na tsaya a ƙofar masallaci ina jiran ƙanena, jama'a na ta laluben takalma. A nan na ga abin da ya sa zan sake tsarin aikin gaba ɗaya.

Duk samfuran da na sauko da su daga intanet a ƙwauri suke ɗora zane, tsakanin idon sawu da bakin safa. Ga waɗanda suka ƙirƙire su daidai ne: gajeren wando, takalmin gudu, ƙwauri a waje. A Maraɗi wa zai ga ƙwaurinka? Namiji wandonsa har idon sawu, ga kaftani ko jallabiya a kai. Mace zaninta ko doguwar rigarta na jan ƙasa. Safarmu ba a ganin ta a kan hanya, sai an tuɓe takalmi: a masallaci, a zauren gaisuwa, a kan tabarmar ɗaurin aure ko ta suna, a ɗakin amarya. Abin da ke fitowa kuwa shi ne saman ƙafa, da yatsu, da ɗan zagayen idon sawu.

Saboda haka zane ya sauko. Babban adon zai zauna a saman ƙafa, siririn zobe ya zagaye idon sawu, ƙwauri a bar shi haka nan. Wannan ya zo mini da sauƙi ta wani gefen. Firintata A4 take ɗauka, tsawon santimita 29.7, doguwar safar babba kuwa ta fi haka, da sai na nemi mai ɗaukar A3 irin L1800. Yanzu takarda ɗaya ta ishe ni saman ƙafa biyu. Saman ƙafa kuma ya fi sha-raɓa ƙarancin miƙewa, yawancin safa ma ba ta da gora-gora a wurin.

Tafin ƙafa kuma na yanke ba za a sa masa komai ba. A Turai da Amurka suna son rubuta barkwanci a wurin, don a karanta in mutum ya miƙe ƙafa a kujera. Mu kuwa wanda ke sahun baya shi ke kallon tafin ƙafarka, kuma ba karatu ya zo yi ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Makon zane. Ƙanwata mai lalle ce, ita na ba takarda da baƙin alƙalami, ni in ɗauka da waya in gyara a kwamfuta. Hannunta ya saba da siraran layuka da ƴan ɗige-ɗige, ga kyau, amma saƙar safa ba fatar hannu ba ce, duk layin da bai kai kaurin milimita biyu ba sai ya narke cikin zaren. Ta ji haushi da na ce ta kauraro su. «Yaya, ai in ya yi kauri ya zama na ƙauye.» Da ta ga nata siririn a ƙafa ya zama hazo, da kanta ta sake zanawa, ta rage furanni, ta buɗe tsakaninsu. Wanda ta yi na biyun ya fi duk abin da na zana da kaina.

Dagi ya zauna lafiya a saman ƙafa, in dai an matse shi yadda awon nan ya nuna. Zanen faifai da na bakin tabarma sun yi kyau a zoben idon sawu, domin maimaici ne, ko ya miƙe ba a ganewa. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne aska ta babbar riga. Dogayen tsinin nan a tsaye suke tafiya, miƙewar kwance ba ta ɓata su, sai ma ta ƙara musu cika. Na kwaikwayi aska takwas sak, har da tambarinta, na buga, na kai gida da daddare ina jin daɗi.

Baba ya karɓa ya matsa kusa da fitila, ya daɗe yana dubawa.

«Aikin ya yi kyau. Amma wanga ɗinki na ƙirji ne. Mutum shi tara kuɗi shekara da shekaru kahin shi sa aska takwas, kai kuma ka kai ta ƙahwa?»

Na ce, «Baba, ai ado ne kawai.»

«Ado ne. Kai dai kar ka shiga da ita fada.»

Na kwana ina juya maganar. A garin da ke da fadar Katsina a nan cikin gari, ga ta Gobir a Tsibiri, riga ba tufa ba ce kawai. Na cire tambarin, na wargaza jerin, na bar tsini uku gajeru waɗanda ba wanda zai kira su aska takwas. Baba ya gani ya gyaɗa kai.

Wannan ya sa na zauna na rubuta abin da shagon ba zai buga a safa ba, na liƙa a bango. Babu rubutun Larabci ko ajami, kowane iri ne. Babu tutar ƙasa. Babu cikakken suna, domin sunayenmu yawancinsu na Annabawa ne da Sahabbai, ko masu ɗauke da sunan Allah irin Abdullahi da Abdurrahman. Na tambayi malaminmu na unguwa, ya ce harafin farko na boko ya wadatar, in don a gane mai kaya ne. Babu fuskar mutum kuma. A waje kasuwa ce babba, mutum ya aika hotonsa ko na karensa a cika masa safa da shi. Shekaranjiya wasu abokan ango suka zo da wannan shawara, sun gani a TikTok. Na ce su fara tambayar angon ko ya yarda a taka fuskarsa ranar ɗaurin aurensa. Suka koma kan haruffa biyu da kwanan wata.

Talata, 3 ga Disamba

Don yara na zana jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje. Zanen bai ba ni wuya ba, launin ne. Jan akuyar nan ba ja ba ne sosai, ba kuma ruwan ƙasa ba, yana tsakani, da ɗan sheƙi. A fuskar kwamfuta na same shi, a safa ya fito ruwan lemo. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, firinta da tawada, zare kuma ya ƙara nasa. Na daina yarda da ido: na jera gidaje masu ja iri-iri, kowanne da lambarsa, na buga a kan safar kanta, na fita da ita bayan gida inda maƙwabciyarmu ke ɗaure awakinta, na kara a jikin wata. Lambar da ta dace na rubuta a bangon littafin nan. Haka zan yi wa shuɗin baba da koren lalle.

Baƙi shi ke gaya mini halin injin. In ya fito da ɗan kore-kore, bai gasu ba. In ya koma ruwan ƙasa, zafi ko lokaci ya yi yawa. Da allon alminiyam a ciki, wanda ke riƙe zafi, bugun baya yakan fi na gaba gasuwa, don haka nake barin allon ya huce tsakani.

Hunturu ya shigo da nasa. Ƙura da ɗan gashin yadi da ido ba ya gani, in zafi ya taɓa su, sai su zama shuɗayen ɗige-ɗige a kan farin, kuma ba sa fita. Yanzu kowace safa sai an bi ta da salatif a naɗe a hannu kafin ta hau inji. Firinta na cikin rigarta in ba aiki take ba, kowace safiya kuma sai ta buga layukan gwaji, domin bushewar iskar nan na toshe mata kai. Takarda kuma da salatif mai jure zafi ake kafe ta, in ta gusa ko kaɗan lokacin ɗaga inji sai zanen ya yi inuwa.

Wuta ce ba ni da dabara a kanta. Injin zafin na jan fiye da kilowat ɗaya, ƙaramin janaretana kuka yake in na haɗa su. In aka ɗauke ana tsakiyar bugu, wannan safar ta tafi. Bugu ya koma da sassafe.

Asabar, 14 ga Disamba

Na raba safa ga masu gwaji tun farkon wata, yau suka kawo rahoto. Wanda na fi jira shi ne na wani ɗan kabu-kabu da ke tsayawa a bakin layinmu, domin shi ke fita tun asuba cikin sanyin nan, ƙafarsa na shan ƙura da birki wuni guda. Launi bai motsa ba, duk da omo da burushi da matarsa ta sa. Abin da ya nuna gajiya diddige ne da kan babban yatsa, inda yashi ke cin zare ya tayar da farin gashi. Wani dalili ke nan na barin waɗannan wurare ba zane.

Ƙorafinsa ɗaya ne: bakin safar ya saki, tana zamewa. Yayata ma haka ta ce. Da na bi sawu sai na ga dalili biyu ne suka haɗu. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi, huffin fata ake shafa a kai, safar yadi tuɓe ta ake yi. Ke nan a wuni ana cire ta a mayar sau da dama, sau da yawa a kan ƙafa mai danshi, ana ja da ƙarfi. Robar bakin tana shan aikin da ba ta sha a wasu ƙasashe, ni kuma ga shi na riga na gasa ta a digiri 195. Yanzu bakin safa a wajen inji yake leƙowa, zafi ba ya taɓa shi.

Yayata ta ƙara da cewa mata za su fi son mai duhu, baƙa ko ruwan ƙasa, domin fara ba ta wuni a tsakar gida. A kan baƙar safa wannan bugu ba ya fitowa sam. Abin da zan iya shi ne in nemo mai ruwan toka mai haske ko ruwan madara, in yi mata zane mai duhu. A takardar da zan riƙa sakawa cikin leda na rubuta: a juya ta a shanya a inuwa, kada a sa mata ruwan bilic, kada a goge.

Juma'a, 27 ga Disamba

Gari ya koma kan kokowar takobi da ake yi a Doso, kowane shago da talabijin ko rediyo a kunne. Yaron shagona ya ce mu yi safar ƴan kokowa. Na tambaye shi wane ɗan kokowa ya taɓa gani da safa a fili. Amma shawararsa ba ta faɗi ƙasa ba, na zana ɗan takobi siriri a gefen idon sawu, magoya baya sun saya.

Na abokan ango sun fita, na makarantar mushen nan ma an kai. Wata ƙungiyar ƙwallo ta unguwa ta kawo dogayen safa har gwiwa, su kam ƙwaurinsu a waje yake, don haka zanensu ya koma sama: zobe biyu da lambar ɗan wasa, gefe fari. Sun so a ƙara musu alamar Nike. Na ce alamar wani ce, ba na bugawa, na zana musu tasu.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Na zauna da lissafi. Tawada da takarda ba su ne kuɗin ba, abin da safa ɗaya ke sha kaɗan ne. Kuɗin na cikin farar safar kanta, da motar da ta kawo ta, da waɗanda suka lalace, sai lokaci. Kowace ƙafa sai an zura allo, an share, an kafe takarda, an danna, an jira ta huce. Tunda zane ya koma saman ƙafa kaɗai, bugu ɗaya ya wadatar maimakon biyu, aikin ya ragu da kusan rabi. Mai zobe a idon sawu ne kawai ke buƙatar a juya. Na sa jika ɗaya da rabi, wato sefa 1,500, ga mai zanen shago, jika biyu ga wanda ya zo da nasa, ragi daga dozin. Masu cewa ya yi tsada suna auna shi da ta gwanjo da ake zubawa a ƙasa a Babbar Kasuwa, ba ni da amsar da zan ba su sai in nuna musu samfuri.

Abin da ke gabana zafi ne. Sanyin nan saura ƴan makonni, daga Maris zuwa Mayu kuwa rana na wuce digiri 40, kuma poliyesta ba ta shan gumi. Wanda ya yaba safar nan a Disamba zai iya zagina a Afrilu. Akwai irin da ake saƙawa musamman don wannan bugu, samanta farar poliyesta, tafinta da diddigenta baƙar auduga. Ita ce ta dace da tsarina, tunda da ma can ba na taɓa tafin. Na tura hotonta Kano a duba mini, in ba a samu ba sai in haɗa da odar wani ɗan kasuwa mai sayayya a Sin.

Azumi zai kama wajen farkon Maris, ke nan kayan Sallar yara su ne aiki na gaba. Ƙanwata ta fara zanen ƴan mata. Ranar Litinin zan koma wurin maƙerin da awon ƙafar ɗan shekara uku da na ɗan shekara shida, allunan da ke hannuna sun yi musu girma.